Yadda za ka zagaya Mangaluru ka gane tarihin Kiristocinta

In Allah ya kai ka Indiya kuma ka samu kwana biyu, ka gangara Mangaluru a bakin tekun jihar Karnataka. Daga Yuni zuwa Satumba dai ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ka yi lissafinka.

Ka fara riƙe wannan: Kannada ne harshen ofis da allon titi, amma a gida yawanci Tulu ake yi, Katolika suna Konkani, Musulmin Beary ma da nasu. Shi ya sa gari ɗaya za ka ji wani ya ce Kudla, wani Kodial, wani Maikala.

Da safe ka je cocin Rosario, daga nan Milagres. Kakannin Katolikan nan daga Goa suka taho tun ƙarni na 16, sannan a 1784 Tipu Sultan, sarkin Mysore, ya kwashe dubbansu zuwa babban birninsa Srirangapatna, waɗanda suka rayu ba su dawo gida ba sai bayan mutuwarsa a 1799, kuma har gobe abin yana musu ciwo, don haka in dattijo ya ɗauko zancen ka saurara kawai, ba wurin gardama ba ne. Daga nan ka hau tudun St Aloysius, ka shiga cocin ka ɗaga kai. Bango da silin duk zanen wani ɗan Italiya ne, Antonio Moscheni, ya fara a 1899. Ni a ganina ko nan kaɗai ka tsaya tafiyar ta biya.

Kar ka ɗauka duk Kiristocin iri ɗaya ne. Washegari ka nufi unguwar Balmatta wajen 'yan Basel, wato 'yan mishan ɗin Furotesta daga birnin Basel na Switzerland da suka iso a 1834. Su suka buga jaridar Kannada ta farko, Mangaluru Samachara, a 1843, kuma jan tayil ɗin da kake gani saman gidaje daga masana'antarsu ta Jeppu ya samo asali, 1865.

In ka yarda ruwa ya dake ka, 8 ga Satumba ake bikin Monti, wato bikin Katolika na haihuwar Maryam, yara da furanni, ana sa wa sabuwar shinkafa albarka, abincin ranar duk ganye ne. Sauran ranaku kuwa ka tambaya kafin ka sa hannu, akwai naman alade a girkinsu, sorpotel misali. Kifi da neer dosa, wata siririyar wainar shinkafa, sun ishe ka. Sallah kuma ga tsohon masallacin Zeenath Baksh a unguwar Bunder.