Yadda Ake Karatun Alaƙar Kimiyya da Fasaha da Al'umma a Jami'a

Babu wata na'ura da ta isa hannun jama'a, ko wani sakamakon bincike da aka karɓa a matsayin tabbataccen ilimi, da bai bi ta hannun mutane ba. Wasu ne suka ba da kuɗin aikin, wasu suka zaɓi tambayar da za a bincika suka ajiye wata, wasu suka yi ta jayayya a kan ma'anar abin da ma'auni ya nuna, wasu kuma suka yanke cewa shaidar da aka tara ta wadatar. Fannin da ke nazarin wannan ɓangare na kimiyya da fasaha yana da sunaye daban-daban, amma an fi saninsa da haruffan STS (a Turance, Science and Technology Studies ko Science, Technology and Society), kuma da su ya kamata mai neman kwas ya duba manhajojin jami'o'i. Ɗalibai da yawa suna shigarsa da zaton fage ne na bayyana ra'ayi a kan amfanin fasaha ko illarta, alhali abin da ake nema a wajensu shi ne su ɗauki abu ɗaya takamaimai, su san shi ciki da waje, sannan su nuna da hujja yadda mutane da hukumomi suka sa ya zama yadda yake.

Zaɓen wurin karatu

Sassan da ke koyar da fannin ba alƙibla ɗaya suka fuskanta ba. Cibiyar da aka kafa a Jami'ar Edinburgh a shekarun 1960 ta yi suna wajen nazarin yadda masana ke cimma matsaya a kan abin da za su kira ilimi, ita kuwa wadda Christopher Freeman ya kafa a Jami'ar Sussex a 1966 ta fi karkata ga manufofin gwamnati da tattalin arzikin ƙirƙire-ƙirƙire. A Amurka akwai shirye-shiryen fannin a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) da Jami'ar Cornell, a Holan kuma akwai su a jami'o'in Maastricht da Twente. Sunan sashe ba ya nuna wannan bambanci, saboda haka ɗalibi ya karanta maƙalun da malaman sashen suka wallafa a 'yan shekarun nan, ya kuma tabbatar akwai kwas na dabarun bincike a manhajar. Inda jami'a ba ta da irin wannan sashe, ana iya harhaɗa karatun daga kwasa-kwasan tarihi da falsafa da nazarin zamantakewa, a kuma nemi malamin da zai yarda ya duba kundin digiri a kan batun.

Cike giɓin da ɗalibi ya zo da shi

Mutane iri biyu ne ke shiga wannan karatu, kuma kowanne da rauninsa. Wanda ya fito daga kimiyya ko injiniyanci ya saba da tambayar da ke da amsa guda, don haka zai sha wahala da dogon karatu da kuma rubutun da ake gina hujja a cikinsa sannu a hankali. Maganinsa shi ne ya riƙa rubuta shafi ɗaya a kan duk abin da ya karanta, yana bayyana da kalmominsa abin da marubucin ke da'awa, da shaidar da ya dogara da ita, da kuma wanda yake mayar wa martani.

Raunin wanda ya fito daga nazarin zamantakewa ko tarihi ya fi wannan hatsari a ganina, domin yana iya rubutu mai daɗin karantawa a kan abin da bai fahimta ba, kuma malamin da ke dubawa ba lallai ne ya gane ba. Wanda zai yi nazari a kan allurar rigakafi dole ne ya san yadda ake gwajin magani mataki-mataki, da dalilin da ya sa ake raba mahalarta gwaji rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a. Wanda zai yi a kan ƙirƙirarriyar basira ya san yadda ake horar da manhajar kwamfuta da bayanai, da yadda ake auna kuskurenta. Harry Collins ya shafe shekaru gommai yana cuɗanya da masana fiziyar da ke farautar igiyoyin maganaɗisun nauyi da ke ratsa sararin samaniya, har ya kai yana tattaunawa da su da harshen sana'arsu, ko da yake ba ya iya gudanar da gwajin da kansa. Ɗalibi ba shi da waɗannan shekaru, amma yana iya ɗaukar kwas ɗaya na share fage a fannin kimiyyar da ya zaɓa, da kuma darasin ƙididdiga, kuma bai kamata ya yi wa kansa rangwame a nan ba.

Tsarin karatun littattafai

Zai fi sauƙi a bi manyan ayyukan fannin bisa tarihin fitowarsu, domin kusan kowanne martani ne ga wanda ya gabace shi. A 1942 Robert Merton ya zayyana ɗabi'un da yake ganin suna tafiyar da al'ummar masana kimiyya, kamar bayyana sakamako ga kowa da tsananta bincike kafin a yarda da da'awa. A 1962 Thomas Kuhn ya nuna daga tarihi cewa masana suna aiki ne cikin wani tsarin tunani da suka gada, kuma ba sa barinsa sai matsalolin da ya kasa warwarewa sun taru. A 1976 David Bloor ya kawo ƙa'idar da ta fi rikita sababbin ɗalibai: mai nazari ya yi amfani da irin dalilai guda wajen bayyana yadda aka karɓi ra'ayin da ya tabbata da kuma yadda aka karɓi wanda daga baya aka watsar. A 1979 Bruno Latour da Steve Woolgar suka fitar da nazarin da ya samo asali daga zaman kusan shekara biyu da Latour ya yi a wani ɗakin gwaje-gwaje na Cibiyar Salk a Kalifoniya, yana kallon yadda zane-zanen da na'urori ke fitarwa suke rikiɗa su zama maƙala, maƙalar kuma ta zama abin da kowa ke ambata ba tare da gardama ba.

Ƙa'idar Bloor tana buƙatar a tsaya a kanta. Manufarta ita ce kada ɗalibi ya ce wani ɓangare ya yi nasara a muhawara saboda shi ne mai gaskiya ya tsaya a nan, domin a lokacin da ake muhawarar babu wanda ya san inda gaskiyar take, kuma abin da ake son ganowa shi ne yadda aka kai ga saninta. Dabarar aiki ce, ba ta nufin duk ra'ayoyi darajarsu ɗaya. Wanda ya ɗauke ta a matsayin izinin ƙaryata duk abin da masana suka faɗa ya ɓata hanya, kuma yana da kyau ya karanta aikin Naomi Oreskes da Erik Conway na 2010, wanda ya bi diddigin yadda aka riƙa shuka shakku da gangan a kan illar taba sigari da sauyin yanayi bayan shaida ta riga ta yi ƙarfi.

Riƙe batu guda

A nan ne karatun yake zama na gaske. Ɗalibin da ya ce zai yi bincike a kan tasirin fasaha ga al'umma bai zaɓi komai ba tukuna. Wanda ya ce zai bincika yadda wata hukuma ta tsayar da iyakar wani sinadari a ruwan sha, ko yadda ma'aikatan jinya ke aiki da wata na'ura saɓanin yadda masu ƙera ta suka tsara, shi ne ya kama hanya.

Aikin Brian Wynne misali ne da ya cancanci a karanta shi a tsanake. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine a Afrilun 1986, ruwan sama ya sauke burbushin sinadarin siziyom mai fitar da tururin nukiliya a tsaunukan Cumbria da ke arewacin Ingila, gwamnati kuma ta hana sayar da tumakin yankin da yanka su, tana mai cewa takunkumin na makonni uku ne. Lissafin masana ya dogara ne da ƙasa mai yumɓu wadda ke riƙe sinadarin, amma ƙasar waɗannan tsaunuka mai tsami ce, cike da ruɓaɓɓun tsirrai, don haka sinadarin ya ci gaba da shiga ciyawa, daga ciyawa kuma ya shiga jikin tumaki. Sai a 2012 aka ɗage takunkumin daga gonakin ƙarshe. Wynne ya zauna da makiyayan, ya gano cewa sun san yanayin ƙasarsu da halin dabbobinsu sanin da masanan ba su nema ba, kuma rashin yardarsu da jami'ai yana da tushe a tarihin tashar nukiliya ta Sellafield da ke kusa da su, inda gobara ta tashi a 1957. Abin da ɗalibi zai lura da shi a wannan aiki shi ne cewa da Wynne bai fahimci batun ƙasa da sinadarin ba, da bai iya nuna inda kuskuren ya faru ba, da kuma bai saurari makiyayan ba, da ya ɗauka jahilci ne ya hana su yarda.

Haka Diane Vaughan ta yi da kumbon Challenger da ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986, mutum bakwai suka mutu. Ta shafe shekaru tana bin takardun hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, kuma a littafinta na 1996 ta nuna cewa an sha ganin lalacewar zoben roba da ke toshe mahaɗar rokokin a tafiye-tafiyen baya, amma duk lokacin da kumbon ya dawo lafiya sai a ƙara ɗaukar lalacewar a matsayin abin da za a iya jurewa, har abin da ya kamata ya tayar da hankali ya zama al'adar aiki. Misali na kusa kuma shi ne ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin a jini: wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa gazawarta wajen nuna ƙarancin iskar ga marasa lafiya baƙaƙen fata ta kusa ninka ta fararen fata sau uku. Tambayar ɗalibi a nan ita ce a jikin su wa aka gwada na'urar tun farko, kuma wace ƙa'ida hukumomi suka bi suka amince da ita.

Sanannen misali ma yana buƙatar tantancewa. A 1980 Langdon Winner ya kawo labarin cewa an gina gadojin wasu hanyoyin tsibirin Long Island da ke jihar New York ƙasa-ƙasa da gangan don kada motocin bas na talakawa da baƙaƙen fata su isa bakin teku. Labarin ya shiga darussa da yawa, amma daga baya masu bincike irin su Bernward Joerges sun yi jayayya da ingancin shaidarsa. Ɗalibi ya koma tushen kowane misali kafin ya gina hujja a kansa, ko da malami ne ya kawo shi a aji.

Tattara shaida

Hanyoyin da aka fi bi uku ne, kuma yawancin kundaye masu kyau suna haɗa biyu daga ciki. Takardu su ne mafi sauƙin samu: rahotannin kwamitocin bincike, bayanan zaman majalisa, takardun rajistar ƙirƙira, ƙa'idojin ingancin kaya, da muhawarar da masana ke yi a mujallunsu. Hira da masu aikin tana fitar da abin da takarda ba ta ɗauka, musamman idan aka tambayi mutum yadda ya yi wani aiki a wata rana takamaimai maimakon a tambaye shi ra'ayinsa. Kada a tsaya ga shugabanni kawai, domin ma'aikacin da ke gyara na'ura ko mai shigar da bayanai sau da yawa ya fi kowa sanin inda tsarin ke cijewa. Hanya ta uku ita ce zama a wurin aiki ana lura, gani ya kori ji, amma tana cin lokaci, kuma samun izinin shiga kaɗai yana iya cinye rabin zangon karatu, saboda haka a fara nemansa da wuri.

Duk binciken da ya shafi mutane sai ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a kafin a fara. Ɗalibin wannan fanni ya fi kowa sanin dalilin, tunda yana karanta tarihin binciken Tuskegee, inda hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan maza baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972, har bayan an samu fenisilin. A bayyana wa duk wanda za a yi hira da shi abin da za a yi da maganarsa, a kuma tuna cewa a ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje sakaya suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, tunda muƙaminsa ko irin aikinsa na iya tona shi.

Rubuta kundi

Kundi ya fara da tambayar da za a iya amsawa da shaidar da ke hannu. Ra'ayoyin manyan marubuta su shigo ne inda suke taimakawa wajen fahimtar batun, domin babin da aka jera sunaye da kalmomi masu nauyi ba tare da sun taɓa shaidar ba ɓata takarda ne. A bambanta a fili tsakanin abin da aka gano da abin da marubucin ke ganin ya kamata a yi, kuma idan za a ba da shawara ga hukuma, a faɗi wanda zai amfana da ita da wanda zai ɗauki nauyinta. Kafin miƙa aikin, a ba mutum biyu su karanta: wani masanin fannin kimiyyar da aka yi nazari a kai, wanda zai duba ko an kwatanta na'urar ko gwajin daidai, da wani daga ɓangaren nazarin zamantakewa, wanda zai duba ko shaidar ta ɗauki nauyin da'awar da aka ɗora mata. Masanin kimiyyar yana iya ƙin yarda da fassarar da ɗalibi ya yi wa abubuwan da suka faru, kuma wannan ba ya tilasta a sauya ta, amma duk kuskuren da ya nuna a bayanin yadda abin ke aiki dole ne a gyara shi kafin kundin ya je gaban masu jarrabawa.