Yadda ake kashe kiri-kiri da jiji a gonar fadama

Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadamun Kebbi, daga Argungu zuwa Suru, ya san cewa ciyawa iri biyu ce. Akwai wadda fartanya ke gamawa da ita a noman firi, akwai kuma wadda za ka nome yau, kafin mako ya zagayo ta sake tsayawa kamar ba a taɓa ta ba. Kiri-kiri da jiji da tofa suna cikin kashi na biyu, domin ransu yana ƙarƙashin ƙasa: kiri-kiri da tofa suna yaɗo da saiwa mai gaɓa-gaɓa, jiji kuwa yana ajiye ƙananan 'ya'ya masu kama da aya, a jere kamar carbi. Wanda ya ƙona ganye ya bar waɗannan a ƙasa, aski kawai ya yi wa ciyawar.

Aikin yana farawa tun cikin bazara. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna, a yi kaftu mai zurfi a juyo saiwoyin waje, a bar su su bushe, sannan a tattara su a ƙona a gefe. Kada a shigar da haro cikin kiri-kiri idan ƙasa tana da danshi, domin faifan haron yana daddatsa saiwar ne, kowane guntu mai gaɓa kuma sabon tsiro ne.

Daga nan sai a jira ruwan farko, ko a yi ban-ruwa, har ciyawar ta fito kore shar, tsawonta ya kai kamar taƙi guda, sannan a fesa mata magani. Maganin da ke wannan aiki shi ne gilaifoset, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roundup da Force Up. Ta ganye yake shiga, ya bi jikin ciyawar a hankali har ya isa saiwa, saboda haka feshi a kan busasshiyar ciyawa ko wadda shanu suka riga suka kiwace asarar kuɗi ce. Ni ba na yarda a kawo mini maganin ciyawan nan farakwat gona. Yana ƙona ganye cikin kwana ɗaya har manomi ya ji daɗi, amma ba ya taɓa saiwa, ga shi guba ce da ba ta da makari idan mutum ya sha.

Wurin da na fi ganin sababbin manoma suna faɗuwa shi ne ruwan haɗa maganin, kuma ni ma a nan na faɗi. Shekarar da na karɓi gonar mahaifina, na sayi magani mai kyau, na auna daidai, sai na aiki yara suka ɗebo ruwa daga kududdufin da ke bakin gonar, ruwa ja wur saboda laka. Mako biyu ina zagaya gonar, kiri-kiri ya ɗan yi rawaya a baki-baki, ya sake murmurewa. Na koma ina zargin mai shago da sayar mini da jabu, har wani dattijo maƙwabcina ya leƙa cikin injin feshin, ya shafo lakar da ta kwanta a gindinsa da yatsa, ya ce, “Ɗana, ga ɓarawon maganinka nan.” Laka tana kama gilaifoset ta riƙe shi, ya kasa shiga ganye, dalilin da ya sa ba ya aiki idan ya zuba a ƙasa ke nan. Don haka a nemi ruwan rijiya ko na burtsatse mai haske. Idan babu sai na gulbi, a cika duro tun daren jiya, a bar shi ya kwanta, a kwashi na sama kawai a tace da ƙyalle. Ɗaukar jarka biyu a babur daga gari ya fi sayen sabuwar kwalba araha nesa ba kusa ba.

Awo kuma a bi abin da ke rubuce a jikin kwalbar. Ga irin waɗannan ciyayi yawanci lita 4 zuwa 6 ne a hekta ɗaya, wato idan injin goyo mai lita 20 zai cika sau 10 kafin a gama hektar, kowane inji guda zai ɗauki mililita 400 zuwa 600. Gwangwanin madara ɗaya da mutane suka saba zubawa bai isa kiri-kiri ba. A yi feshi da safe bayan raɓa ta bushe, babu iska, babu hadari, domin ruwan sama da ya sauka cikin awa shida yana iya wanke aikin. Mai feshi ya sa takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci, kada kuma ya hura bakin injin da bakinsa idan ya toshe. Ba a wanke inji a gulbin da mutane ke sha, masunta ke su.

Bayan feshi sai haƙuri. Kada garma ta shiga, kada dabbobi su shiga, har mako biyu, ko da ciyawar tana nan kore a kwanakin farko. Jiji kusan kullum yana buƙatar feshi na biyu, saboda 'ya'yan da ba su tsiro ba a karon farko magani bai kai gare su ba.

Da zarar shinkafa ta fito, gilaifoset ya gama aikinsa, domin ba ya bambanta shuka da ciyawa. Daga nan sai maganin da aka yi wa shinkafa musamman, irin haɗin furofanil da 2,4-D, mako biyu zuwa uku bayan shuka, a kuma kiyaye kada iska ta kai shi kan waken maƙwabci ko tumaturinsa. Sauran abin da ya tsira a cire shi da hannu kafin ya yi fure, a riƙe ruwa a fangali, a share kunyoyin gefe, don daga can kiri-kiri ke sake rarrafowa cikin gona.