Darasi na Bakwai: Littafin Kalmomi na Aljihu

Mutumin Zangon Kumasi ba ya rasa harshe uku a bakinsa. Da safe a gida Hausa ce, a kasuwar Kejetia ciniki da Asantanci ne, saƙon kuɗin da ke shigowa waya kuma da Turanci yake zuwa. Wanda ya yi makarantar allo yana da Larabci a kan wannan. Kalmomi kam muna jin su kullum kamar ruwan damina. Matsalar ita ce riƙewa. Za ka ji kalma da hantsi, ka ce ka kama ta, kafin la'asar ta bi iska. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka ɗaure ta.

Ka nemi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga aljihun riga ko jakar hannu, da biro ɗaya. Kada ka sayi babba mai tsada. Babban littafi a ɗaki yake kwana, kalma kuwa a kan hanya ake gamuwa da ita. Idan irin na 'yan makaranta kake da shi, yanka shi biyu da reza, ka ba abokin karatunka rabi. Masu sana'ar ruwa da mai, kamar masu koko da ƙosai da makanikai, su sa nasu cikin leda.

A saman shafi ka rubuta ranar. Sai kalmar, da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinta ka rubuta ma'anarta yadda kai ka gane, da irin Hausar da kake yi a gida. Abu na ƙarshe shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi komai amfani: rubuta maganar da ka ji kalmar a cikinta, da wurin da ka ji ta.

Ga dalili. Akwai wata hajiya a ajinmu na dare a Aboabo, mai sayar da shinkafa da wake, wadda ta taso a arewa, Asantancinta bai nuna ba. Ta rubuta "te so" da "to so" a shafi ɗaya, kowace ita kaɗai, babu bayani. Bayan mako guda ta zo ta ce, "Malam, waɗannan biyun sun rikice mini, ban san wacce ce wacce ba." Na ce, "Hajiya, a ina kika ji ta farko?" Ta yi shiru, can ta ce wata mata ce ta faɗa wa mai tumatir lokacin da kuɗin ya yi mata yawa. Ta biyun kuma masu sayen abincinta ne ke faɗa mata suna miƙo kwano. Nan take ta warware da kanta: "te so" a rage kuɗi, "to so" a ƙara gyara. Ta rubuta labarin kowace a ƙasanta, layi ɗaiɗai. Tun daga ranar ba ta sake tambayata ba. Baƙi ɗaya ne ya raba su, amma ɗaya ragi ce, ɗaya ƙari, mai ciniki kuwa ya san nisan da ke tsakani.

Kada ka ce Hausa taka ce, ba sai ka rubuta ba. A nan ne na fi so ka dage. Mu 'yan Zango da yawa bakinmu ba ya raba k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ, kuma a magana ana gane mu sarai. A takarda kuwa "kafa" daban, "ƙafa" daban. "Kasa" daban, "ƙasa" daban. Wanda ya rubuta "ya bata kuɗi" yana nufin "ya ɓata kuɗi" zai iya haɗa miji da mata faɗa. Ka ware shafi biyu a ƙarshen littafin don irin waɗannan tagwaye, ka riƙa yi wa lanƙwasar baƙin zane a ƙasa. Haka nan kalmomin da baƙaƙensu ɗaya ne amma ma'ana ta bambanta, kamar gari na zama da gari na rogo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Waɗannan sai jimla ce ke raba su.

Idan hannunka ya fi sauri da ajami, rubuta ma'anar da ajami, ba laifi. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, da ajami ya rubuta Hausarsa a ƙasar nan ta Gana. Ba abin jin kunya ba ne, gado ne. Kalmar kanta dai ka rubuta ta da boko, don shi muke koyo.

Kalma uku a rana ta isa. Na ga masu zafin nama da suka cika shafi biyar a daren farko, bayan sati biyu littafin ya koma na lissafin bashi. Uku a rana, kwana shida a mako, 18 ke nan. A mako 50 ka tara 900. Ranar Juma'a kada ka ƙara sabuwa. Bayan an sauko daga masallaci ka buɗe na makon, ka rufe ma'anar da yatsa, ka gwada kanka. Wadda ka tuna ka yi mata alama. Wadda ta ɓace ka sake rubuta ta a sabon shafi.

Ka fara da kalmomin da cikinka ya dogara a kansu. Yaron kanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya rubuta sunayen kayan mota yadda maigidansa ke kiran su, ya zana hoton kowane a gefe. Tela ya rubuta na awo da na yadi. Mai jego ta rubuta abin da ke jikin katin awon jariri da kwalin magani, ta tambayi nas ma'anarsa kafin ta bar asibiti. Tambaya ba ta rage girman kowa. Jikanka ɗan firamare ma malami ne a wannan fage, kuma zai ji daɗi kaka ta zaunar da shi tana tambaya.

Abu ɗaya ne ban yarda ya shiga littafin ba: lambar sirrin kuɗin waya. Kalmomin saƙon MoMo, wato kuɗin waya, ka rubuta su duka har ka iya karanta saƙonka da kanka, amma lambar ta zauna a kanka, domin littafi yana faɗuwa a cikin tirotiro, motar haya.

Aikin wannan mako: kowa ya zo aji ran Litinin da kalmomi shida, biyu na Hausa, biyu na Asantanci, biyu na Turanci, kowace da jimlarta da inda aka ji ta. Za ka karanta ɗaya a gaban aji, sannan ka gaya mana wanda ka yi wa magana da ita bayan ka rubuta ta.