Tafiyar farko a jirgin ruwan shaƙatawa da yara: abin da za a shirya tun daga gida

Babban daɗin jirgin ruwan shaƙatawa ga masu ƙananan yara shi ne sau ɗaya ake kwance kaya. Ku kwanta a Basalona, gari ya waye muku a gaɓar Faransa, ɗaki ɗaya, gado ɗaya, abinci yana nan a dafe. Sai dai jirgi yana da dokokinsa da agogonsa, kuma akasarin abin da ke ɓata wa iyali tafiyar farko tun a gida ake yin kuskurensa, wajen takardu da zaɓen ɗaki da lissafin shekarun yara. Za mu ɗauki misalin zagayen kwana 7 na yammacin Bahar Rum, wanda kan bi ta Basalona, Marsai, Jenowa, tashar da ke kusa da birnin Rum, tsibirin Sisili da Malta.

Shekarun yara da takardu

Kafin a biya ko sisi, a duba shekarun autan gidan. Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean, Carnival da Disney ba sa ɗaukar jariri sai ya cika wata 6 a ranar shiga jirgi, idan kuma tafiyar ta tsallake Tekun Atilantika ce, sai ya cika wata 12. Mace mai juna biyu ba a ɗaukarta idan cikin zai shiga sati na 24 kafin a kammala tafiyar. Dalili shi ne asibitin jirgi ƙarami ne, ba shi da kayan kula da bakwaini. Ba a roƙo a kan wannan a bakin tasha, kuma wanda aka mayar ba lallai a dawo masa da kuɗinsa ba.

Kowane yaro, har na goye, sai da fasfo ɗinsa, kuma kamfanoni suna so ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa. Ga mai fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar ko Gana, Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk bizar Shengen ɗaya ce ke shigar da shi. Amma a karanta jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan jirgin zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya, kun fita daga yankin Shengen ke nan, dawowa kuma sabuwar shiga ce, don haka bizar shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba, sai ta shiga da fita sau da yawa. Kada wani ya ce ai ba za mu sauka a can ba: tun a ranar farko ake duba bizar dukkan tashoshin, wanda tasa ba ta cika ba ana iya hana shi hawa gaba ɗaya. Ana karɓar takardar neman biza tun wata 6 kafin tafiya, kuma lokacin hutun makaranta samun ranar ganawa yana wuya, saboda haka a fara da wuri.

Bizar tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A tabbatar takardar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da kwashe mara lafiya daga teku, domin ganin likitan jirgi ba ya cikin kuɗin tikiti, a kan asusunku ake rubuta shi. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko kawu ko gwaggo, a riƙe takardar amincewar mahaifi mai hatimin lauya ko kotu, da takardar haihuwar kowane yaro, musamman inda sunan ƙarshe na uwa ya bambanta da na 'ya'yanta, kamar yadda yake a gidajenmu da yawa.

Ɗaki

Ɗakin jirgi ƙarami ne, wanda ba shi da taga yakan kai murabba'in mita 14 zuwa 16. Yawanci mutum 4 ne iyaka: gadaje biyu a ƙasa, sai kujerar da ake buɗewa ta zama gado ko gadon da ake saukowa da shi daga rufi. Jariri ma ana ƙirga shi mutum guda, saboda lissafin yana bin yawan gurbin jiragen ceto. Iyali mai mutum 5 ko 6 sai dai ɗakin iyali, waɗanda ba su da yawa kuma su ke fara ƙarewa, ko ɗakuna biyu. A nan a lura sosai: ɗakuna masu ƙofa a tsakani daban, ɗakunan da ke maƙwabtaka kawai daban. A nemi masu ƙofar ciki, a ga lambobinsu a rubuce, a sa sunan babba ɗaya a kowane ɗaki. Akwai tikiti mai rahusa wanda kamfani ne ke zaɓar muku ɗaki daga baya. Mai yara ya guje shi, don ana iya raba ku hawa daban-daban.

Tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi rashin jijjiga. Goshi da bayan jirgi su suka fi lilo. A duba taswirar jirgin a ga me ke saman ɗakin da ƙasansa. Ƙarƙashin wurin iyo ko wurin cin abinci, tun asuba ake jan kujeru. Saman zauren kiɗa kuwa sai tsakar dare ake samun shiru. Ɗakin da ke tsakanin hawa biyu na ɗakunan kwana shi ne zaɓi.

Baranda tana da daɗi, amma da yaro mai hawe-hawe aiki ce. Shingenta ya haura mita ɗaya, haɗarin yana ga kujera da teburin da yaro zai taka. A janye su daga jikin shinge, a riƙa kulle ƙofar da sakatar sama, kada a bar yaro a can shi kaɗai ko na minti ɗaya. A ganinmu, iyali mai yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi samun kwanciyar hankali a ɗaki mai taga kawai. Haka nan yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a gadon sama. Gadon jariri kyauta ne, amma sai an nema tun lokacin biyan kuɗi.

Abin da za a ɗauka da wanda za a bari

Wuta ita ce abin da jirgi ya fi tsoro, shi ya sa ake ƙwace dutsen guga, butar lantarki, kyandir da duk abin da ake kunnawa. Uwargida ta bar kasko da turaren wuta a gida, humra da turaren fesawa sun isa. Kilishi da dambun nama ma kada a ɗauka, don dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje. Madarar jarirai ta gwangwani da ba a buɗe ba an yarda da ita har kilo 2.

Famfas, madara da maganin zazzaɓin yara a ɗauki abin da zai isa har da rarar kwana 2, domin shagon jirgi ba ya ajiye su da yawa, kuma yakan rufe idan jirgi yana tsaye a tasha. A sa ƙaramar buta a jaka. Masai na jirgi da iska yake zuƙe ƙazanta ta siririn bututu, tsumman goge jariri guda ɗaya yana iya toshe layin ɗakuna da dama, don haka ban da takardar da aka ajiye a ciki kada a jefa komai. Yawancin ɗakuna shawa ce kawai, mai jariri ya taho da ƙaramin bahon roba da ake hura wa iska. Keken jariri ya zama mara nauyi mai naɗewa, babba ba ya shiga ƙofar ɗaki da sauƙi.

Ranar shiga

A isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar. Jirgin sama yana makara, akwati yana ɓata a hanya, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar tafiya duka ba.

A tasha za a karɓi manyan akwatuna, ba za su iso ƙofar ɗaki ba sai la'asar ko bayan magariba, ɗakin kansa sai wajen ƙarfe 1 na rana ake buɗewa. Jakar hannu ta ƙunshi fasfo, magunguna, famfas, madara, kayan canji ɗaya ga kowane yaro da kayan iyo. Kowa za a ba shi kati: shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi ake sayen komai. A je teburin kula da baƙi a rufe saye a katin yara ko a sa masa iyaka, in ba haka ba ɗakin wasannin kwamfuta zai cinye kuɗi ba ku sani ba.

Atisayen gaggawa wajibi ne. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka cewa a yi shi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ku je da yaran su ga wurin taruwarku da idonsu, su haddace harafi ko lambarsa. Alamar gaggawa busa 7 ce gajeru, sai doguwa ɗaya. Ƙananan yara ana ɗaura musu abin hannu mai lambar wurin taruwa, kada a cire shi har a sauka, domin idan abu ya faru suna wurin wasa, ma'aikata ne za su kawo muku su can. A tambayi mai kula da ɗaki rigar ceto daidai jikin kowane yaro, ta manya ba ta riƙe ƙaramin yaro.

A ranar ne kuma ake rajistar wurin renon yara. Yawanci daga shekara 3 ake karɓa, kuma sai yaron da ya daina sa famfas. Carnival na karɓa daga shekara 2. Da rana kyauta ne, bayan ƙarfe 10 na dare ana biya. A takardar rajista akwai tambayar ko yaro zai iya fita da kansa. A tafiyar farko a ce a'a. Wurin iyo ma dokarsa ke nan: mai famfas, ko da na iyo ne, ba ya shiga, sai a jiragen da suka ware wa jarirai filin wasan ruwa. Ko akwai mai gadi, idon iyaye ne tsaro.

Abinci, salla da lafiya

Babban ɗakin cin abinci yana da zama biyu da dare, na wajen ƙarfe 6 da na wajen 8:30. Masu yara su nemi na farko tun wajen biyan kuɗi. Abincin halal sai an sanar da kamfani a rubuce, wata 2 zuwa 3 kafin tafiya, a kuma tuna wa shugaban masu hidima a daren farko. Inda babu, kifi da ƙwai da kayan lambu suna da yawa, amma a tambaya ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi, ko akwai sinadarin alade a alewar yara. Wanda yake son ya huta da wannan tambaye-tambaye, akwai kamfanin AROYA na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024: abincinsa halal ne, ba giya, akwai wuraren salla.

Alƙibla tana sauyawa yadda jirgi ke juyawa, ƙarfen jirgi kuma yana rikita kamfas ɗin waya. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita ake ƙiyasi. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a tambayi malami kafin a tashi.

Yara 'yan shekara 2 zuwa 12 su suka fi saurin jiri da amai a kan ruwa. Tsakanin Basalona da Marsai iskar arewa takan tayar da teku. Idan yaro ya fara lumshe ido yana haɗiyar yawu, a fitar da shi iska a tsakiyar jirgi ya kalli nesa inda ruwa ya haɗu da sama, a karɓe waya, a ba shi busasshen biskit ko ruwan citta kaɗan-kaɗan. Maganin jiri kafin jijjiga ta fara yake aiki, kuma likitan yara ne zai faɗi iri da adadi tun a gida. Wanda ake liƙawa a bayan kunne ba na yara ba ne. Cutar amai da gudawa tana yaɗuwa da sauri a jirgi, kuma man goge hannu ba ya kashe ƙwayarta sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 kafin kowane cin abinci. Yaron da ya kamu a kira asibitin jirgi, za a ce ya zauna a ɗaki kwana ɗaya ko biyu, a bi umarnin.

Sauka a tashoshi

Kowace safiya ana rubuta lokacin da kowa zai dawo jirgi a takardar shirye-shiryen ranar, yawanci minti 30 kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin da wayarku za ta ɗauka da kanta. A ɗaura agogon hannu a saita shi da na jirgi. Idan da motar yawon da jirgi ya shirya kuka fita kuka makara, za a jira ku. Idan da kanku kuka fita, za a tafi, ku bi jirgi zuwa tasha ta gaba da kuɗinku. A sa niyyar dawowa awa 2 kafin lokaci, a ɗauki hoton takardar ranar mai lambar wakilin jirgi a tashar.

Ba kowace tasha ce ta cancanci wahalar yara ba. Daga tasha zuwa cikin birnin Rum kusan kilomita 80 ne, fiye da awa ɗaya kowace tafiya, ga zafin Yuli da Agusta. A Malta kuwa jirgi yana tsayawa a gindin birnin Baleta, da ƙafa ake shiga. A zaɓi tashoshi 2 ko 3, fita ta awa 3 zuwa 4, sauran ranakun a zauna a jirgi lokacin da wurin iyo ya zama fili.

Kuɗin da ba ya cikin tikiti

Ana rubuta kuɗin hidima kullum a kan kowane mutum. A kamfanonin Amurka yakan kai dala 16 zuwa 20, wasunsu har da yara. Mutum 4 a kwana 7 a kan dala 18 ya zama dala 504. Ruwan sha na famfo, shayi da kofi na wurin ɗebi-da-kanka kyauta ne, lemon kwalba da ruwan roba da intanet ana biya. Da jirgi ya bar gaɓa a sa dukkan wayoyi a yanayin jirgin sama, saboda layin tauraron ɗan'adam na teku yana da tsada ƙwarai. A tabbatar katin banki yana aiki a waje, ko a ajiye tsabar kuɗi a teburin baƙi a ranar farko.

A daren ƙarshe ana fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin wajen ƙarfe 10 ko 11, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha. Kafin a rufe su a ware kayan da kowane yaro zai sa da safe, har da takalmi, da fasfo da magani da famfas na yini ɗaya. A duba lissafin asusu a daren, domin gyara kuskure bayan an sauka yana da wuya. Jirgin saman komawa gida kuma kada ya zama mai tashi kafin azahar.