Yadda Jama'ar Masallaci Za Su Karɓi Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari

Kafin ranar sakinsa, liman ya wakilta mutum biyu su tarbe shi a bakin ƙofa, da tufafi da kuɗin mota. A tanadi wurin kwana tun da wuri, domin in ya rasa, tsofaffin abokansa ne za su ɗauke shi.

Zakka ta halatta gare shi in matalauci ne ko bashi ya yi masa katutu, bisa aya ta 60 ta Suratut Tauba. Sai dai kuɗi a hannu ba ya daɗewa, masu bin bashi na jira. Gara a haɗa shi da mai sana'a, a sayo masa kayan aiki da yardarsa.

Sallolin da suka kuɓuce masa ya fara ramawa. Kada kowa ya tone masa laifi a bainar jama'a.