Darasi na Bakwai: Daga Kano zuwa Jiddah, Awa Nawa Ne?

Duk shekara in an fara jigilar alhazai, ba a rasa gardama a majalisa. Wannan ya ce tafiyar awa huɗu ce, wancan ya rantse shida da rabi ya gani a tikitinsa. Ɗauko fensir da takarda, mu yi lissafin da kanmu.

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jiddah, in an miƙe ba kwana, kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja kuwa, idan ya gama hawa ya daidaita, yakan ci kimanin kilomita 850 a awa guda. Sai a raba nisa da gudu:

3,400 ÷ 850 = 4

Awa huɗu ke nan. Amma jirgi ba ya fara cikakken gudu tun daga ƙasa, kuma sai ya rage gudu kafin ya sauka, don haka a ƙara kamar rabin awa. Ya zama awa huɗu da rabi.

Miƙaƙƙiyar hanyar ta sararin Chadi da Sudan take bi, ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan nan ne kakanninmu suka bi a ƙafa da kan raƙumi, wasu su shekara a hanya, wasu ma su zauna a Sudan ke nan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Saboda haka lissafinmu na miƙaƙƙiyar hanya ne.

To ina shida da rabin ta fito? Nan ne mutane suka fi ruɗewa, a natsu sosai. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, domin rana takan riga fitowa a gabas. Kuma a tikiti, lokacin tashi da agogon garin da aka baro ake rubuta shi, lokacin sauka da agogon garin da za a je.

Misali, jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 10:00 na dare. Bayan awa huɗu da rabi, agogon hannunka zai nuna 2:30 na dare. A Jiddah kuwa 4:30 ne, asuba ta gabato. Wanda ya ƙirga daga 10:00 zuwa 4:30 sai ya samu shida da rabi, alhali awa biyun nan ba a cikin jirgi ya yi su ba. Da sauka sai a tura agogo gaba da awa biyu, kada lokacin salla ya rikice.

Aikin gida: jirgin dawowa ya bar Jiddah ƙarfe 9:00 na safe agogon can, ya yi awa huɗu da rabi a sama. Ƙarfe nawa ya kamata 'yan tarya su sa ran saukarsa a agogon Kano? Sannan, in zagaye ya mai da nisan kilomita 4,250, awa nawa za a yi da gudun kilomita 850?