Kumburin jijiyar ruwa a bayan kan azzakari: abin da za ka yi

Alamarsa wani siririn abu ne mai tauri kamar igiya da ke kewaye wuyan azzakari, daf da bayan kan kaciya. Launin fatar wurin bai canzawa, kuma galibi ba ya zafi. Yakan fito kwana 1 zuwa 2 bayan saduwa mai ƙarfi ko istimna'i: gogayya ce ke toshe hanyar da ruwan jiki ke bi, sai ta kumbura. Ba ciwon sanyi ba ne, ba daji ba ne.

Maganinsa hutu. Ka dakatar da saduwa da istimna'i gaba ɗaya, yawanci yakan baje cikin mako 2 zuwa 6. Masu komawa da wuri su ne yake dawo musu. Kada ka murza shi, kada ka matse, kada a kai wa wanzami ya tsaga, babu mugunya a ciki. In yana zogi, ibuprofen 400mg bayan cin abinci ya isa, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon koda ya guje shi.

Duk da haka, a yi gwajin ciwon sanyi da tunjere, don wani lokaci sukan zo tare. Ka je asibiti da gaggawa in akwai miki, fitar mugunya, zafin fitsari, zazzaɓi ko kaluluwa, ko igiyar ta miƙe a saman azzakari tana ciwo, domin irin wannan igiyar mai ciwo tana iya zama toshewar jijiyar jini, ana gane ta da sikanin.